Kakin da Cedric Ya Ɓoye a But

Ni na fara ganewa. Kafin fasto, kafin kakarsa da ta raine shi, kafin duk matan cocin nan masu bin diddigi, ni Odell Bascomb na san Cedric Whitlow ba ɗan sandan ciki ba ne. Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma da ƙyar nake zana shi. Amma na yi kwana casa'in a kurkukun gundumar nan ina saurayi, saboda na ƙi tashi daga kujerar da aka ce ba ta baƙar fata ba ce, kuma na fito da ƙafata. Akwai wani maganin wanke daɓe da suke zubawa a can, har yau ba su canza shi ba. Ranar da yaron nan ya miƙo mini hannu a ƙofar coci, sai warin ya daki hancina. Na ja bakina na yi shiru. Shirun ma gwaninta ce, ba kowa ya iya ba.

Cedric shi ne na farko a zuri'ar kakarsa Earline Whitlow da ya taka jami'a. Shekara huɗu yana karatun harkar laifi da shari'a, duk da kuɗin rance, kuma rabin rancen sai da kakar tasa ta sa hannu ta tsaya masa. Ranar da ya gama aka tsayar da shi gaban coci cikin baƙar riga da hula mai tuntu, fasto ya ce ga wanda zai hana ɓarayi barci, mata suka yi ta tafi.

Ya nemi aikin ɗan sanda a birni. Ya ci gwajin gudu, ya ci jarrabawa. Sai suka binciki tarihin bashinsa, suka ga ya yi wata biyar bai biya ba. Jami'in ya rufe fayil ya ce, "Wanda bashi ya shaƙe wa wuya, mai laifi ba ya shan wahalar sayensa. Ka gyara ka dawo." Bashin da ya ci don ya zama ɗan sanda, shi ya tare masa ƙofa.

Aikin da ya samu na ganduroba ne, dala goma sha bakwai a awa, aikin da takardar sakandare kawai ake nema. A gida ya ce ya samu aiki da 'yan sandan gunduma. Kakarsa ta ƙarasa sauran da bakinta, ta gaya wa duk unguwa jikanta mai binciken manyan laifuka ne, shi kuma bai gyara mata ba. Kullum da safe sai ya fito cikin kwat, ya tuƙa motarsa zuwa bayan wani tsohon shagon taya da aka rufe, ya tuɓe, ya ciro kaki daga but ɗin motar ya saka. Shekara biyu haka.

Shugabansa a wurin aiki Dontay ne, wanda a sakandare Cedric ke yi masa aikin gida.

"Farfesa!" haka yake ƙwala masa kira a gaban kowa. "Zo ka yi mana bincike. Wa ya toshe masai a ɗaki na shida?"

"Dontay, ka rabu da ni yau."

"Haba Farfesa, dala dubu sittin ka kashe. Ai ko shaidar yatsa ka ɗauko mana daga ciki."

Cedric yakan yi dariyar yaƙe, ya ɗauki bokiti.

Earline tana da wata al'ada. Duk takardar da za ta sa wa hannu, sai ta kwana bakwai cikin Littafi Mai Tsarki, sannan a fito da ita ranar Lahadi bayan coci, a teburin abinci, a gaban kowa. Wata Litinin da safe Cedric ya ga gefen takarda ya leƙo daga littafin. Ya zaro. Sunan ƙanwarsa Janelle ya gani, 'yar shekara goma sha takwas. Jami'a ɗaya, fanni ɗaya, rancen shekarar farko dala dubu goma sha tara, ga layin da kaka za ta sa hannu a ƙasa.

Ya mayar da takardar kamar ta ƙone shi.

A makon nan ya gwada ta gefe. Ran Laraba ya samu Janelle tana wanke kwanuka, ya ce, "Janelle, me ya hana ki karatun jinya? Suna samun kuɗi."

"Ni da ko jinin kaza ba na iya kallo? Yaya, kishi kake yi kada na fi ka muƙami?"

"Karatun nan da tsada."

"Kai ba ka biya ba? Ga ka da kwat kamar lauya." Ta watsa masa kumfa a fuska tana dariya. "Ni fa tun ranar da aka tsayar da kai a coci na yanke shawara."

Ran Juma'a, lokacin hutun rana, ya zauna cikin mota ya yi ta jujjuya lissafi a bayan ambulan ɗin wasiƙa ko zai fito daban. Bai fito ba.

Lahadi ta zo. Ni dama tun rasuwar mijin Earline, wanda abokina ne, kujerata na nan a teburin. An jera soyayyiyar kaza, dafaffen ganye, burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Aka yi addu'a. Earline ta goge hannu, ta buɗe littafin, ta shimfiɗa takardar kusa da farantinta.

"Kwana bakwai, Ubangiji bai nuna mini wani abu ba," in ji ta. "Cedric, ara mini biro."

Biron na aljihun kwat ɗinsa. Ya kai hannu ya taɓa shi. Sai ya ture kujera ya fice.

"Ina kuma zai je? Abinci zai huce."

Na ce, "Bar shi, Earline. Miƙo mini cinyar nan."

Ya dawo rungume da kakin, da baƙin takalmi a sama, ya tsaya bakin ƙofa kamar wanda aka kama da kayan sata. Ya kasa kallon kowa.

"Kaka, wannan ne aikina. Ganduroba ne ni. Ina ƙirga fursunoni, ina raba abinci, ina wanke masai. Dontay ɗan gidan Pruitt shi ne shugabana."

"Dontay? Wanda ya maimaita aji?"

"Shi."

Ya ciro takardu biyu ya ajiye gaban Janelle. "Wannan albashina ne, dubu biyu da ɗari biyu a wata bayan haraji. Wannan bashin ne, ɗari bakwai kowane wata. Dubu sittin da ɗaya na ci. Na yi ta biya, yau dubu sittin da huɗu ake bina, saboda kuɗin ruwa ya fi ni sauri. Idan na faɗi, gidan nan za su ƙwanƙwasa, don Kaka ce ta tsaya mini. Ki karanta da kanki, ke kin iya lissafi."

Janelle ta daɗe tana kallon takardun. Da ta ɗago, idonta ya cika.

"Na gaya wa duk ajinmu. Na rubuta sunanka a takardar neman shiga, na ce kai nake koyi da shi." Ta miƙe. "Da ka bari Kaka ta sa hannu ke nan? Sai yau?"

"Na so na faɗa tun Litinin."

"Tun Litinin! Shekara biyu fa, Yaya!"

Ta shige ɗaki ta bugo ƙofa.

Earline ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta ninke takardar rancen gida huɗu, ta ɗora kofin shayinta a kai.

"Kullum sai na goge maka kwat," ta ce. "Da wannan kafaɗar tawa. Minti nawa kake yi da shi a jiki?"

"Kamar goma."

"Goma." Ta gyaɗa kai. "Da ka kawo kakin na goge, ai shi ma tufa ne. Kakanka shekara talatin yana kwasar shara, ban taɓa sunkuyar da kai ba. Na tsaya gaban matan coci na cika baki. Na sa 'yar'uwa Odessa ta kawo maka maganar ɗanta da aka kama, ka ce kana dubawa. Yanzu wa zai gaya musu, ni ko kai?"

Cedric ya ce, "Ni."

"To zauna ka ci abinci. Ajiye wannan a kan kujera, ba a ƙasa ba."

Ya zauna. Loma ɗaya ya yi ta tauna har aka kwashe kwanuka.

Lahadin da ta biyo baya, lokacin ba da shaida a coci, ya miƙe a gaban mutum ɗari da wani abu ya faɗi gaskiya. Bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Babu wanda ya tafa. Odessa ta ɗauki jakarta ta fita. Janelle ta shiga kwalejin shekara biyu ta nan garin, tana aiki a kantin magani tana biya da kanta, kuma ta fi wata guda ba ta ce masa ko sannu ba.

Yanzu kowa a unguwa cewa yake dama ya yi zargi. Ƙarya suke yi, har faston. Wanda ke ganin ƙari na yi ko da kalma ɗaya, ya zo ya same ni a baranda, gida na uku bayan layin dogo. Shekarata tamanin da ɗaya, ƙodata ɗaya. Ya hau matakalar nan ya faɗa mini a ido, mu ga wanda zai fara kawar da kai.