Saɓar Dunƙule

"Ba da hannu ba, Hussaina! Da awartaki. Kama shi ta wutsiya."

Malama Rekiya ce ke ba ni umarni daga kan gado, murya duk ta dushe, ni kuwa ina tsaye gaban akwatin gilashi da mataccen ɓera. Shekara goma sha ɗaya katanga ce kawai tsakaninmu a Dutsin-Ma, amma ban taɓa shiga ɗakin nan ba sai da ciwo ya kwantar da ita. Ni da ko igiya na gani a ƙasa sai na yi salati!

Dunƙule ce a akwatin, 'yar mesa da tsawonta bai kai taɓarya ba. Ba ta da dafi. In ta tsorata sai ta cusa kai cikin jiki ta dunƙule. Tun Malama na koyar da kimiyya a sakandare ta ƙwace ta hannun masu noma a Karofi. Ɓerayen ma da kanta take kiwo, don ta ce na gida sun sha shinkafar ɓera. Unguwa ta yi gulma har ta gaji, ni ma na taya. Ita ko a jikinta.

A ranar nan, Dunƙule ko kallon ɓeran ba ta yi ba.

"Dubi idonta," in ji Malama.

"Ya yi fari-fari."

"To, saɓa za ta yi. Bar ba ta abinci. Ki jiƙa tsumma ki sa mata ƙarƙashin kaskon da take ɓuya, kullum. Kwana goma, in Allah ya kai mu."

"Zai kai mu."

Murmushi kawai ta yi. Kwana uku tsakani, bayan azahar, Allah ya karɓi abarsa. Na yi kuka kamar uwata ce.

Ranar sadakar uku ƙanenta Alhaji Manu, wanda ya zo daga Kurfi, ya leƙa ɗakin ya fito da sauri.

"Abin nan ya ƙi ci, ido ya juye, daidai da tafiyar Yaya. Wannan ba maciji ba ne kawai. A fitar da shi a kashe."

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. "Alhaji, a yi mani haƙuri zuwa bakwai. Saɓa za ta yi."

"Ke mi kika sani a kan maciji?"

"Abin da ta koya mani."

Ya gyaɗa kai. "Zuwa bakwai. Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

Kullum da safe sai in jiƙa tsumma in sa mata. Ido ya washe, amma ba saɓa. Har na fara zargin ko zafin ciwo ne ya sa Malama faɗin haka, na kuma ji kunyar zargin.

Da hantsin ranar bakwai na kira Alhaji. Ga saɓar nan naɗe a jikin kasko, guda cur, ba inda ta yage. Ya sunkuya yana dubawa.

"Har da wurin idanun," ya ce a hankali. Ya goge fuska da hannun riga. "Yaya ba ta taɓa faɗin abin da ba ta sani ba. A kai akwatin gidanki."

Na ɗauki awartaki. Dunƙule ta zaro kai daga ƙarƙashin kasko, jikinta na sheƙi, tana ɗan fito da harshe wajen hannuna.