Jinin Batulu

Muhsin mai ɗinkin manyan riguna ne a Ƙofar Kibo, irin waɗanda ke zama a zaure su yi watanni kan wuyan riga ɗaya. Da yatsunsa suka fara kumbura, har ya zama da safe ba ya iya zura zare a allura, likita ta ce amosanin gaɓoɓi ne, ta ɗora shi kan wata ƙwaya. Ciwon ya lafa. Amma ba a jima ba idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Sai da aka ƙara masa jini.

Mahaifiyarsa Batulu ce ke jinyarsa. Ranar da sakamakon gwaji ya fito, wan marigayi mijinta, Alhaji Zailani, ya zo dubiya, don haka a gabansa likita ta yi bayani.

"Hajiya, akwai wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, shi nasa ya yi ƙaranci. Haka aka haife shi. Maganin da ke yi wa wasu amfani, shi farfasa masa jini yake yi. Za mu canza masa wani. Abin gado ne, kuma namiji ta wajen uwa yake ɗaukowa. Sauran 'ya'yanki ma ya kamata a gwada su."

Batulu 'yar marina ce da aka aura cikin gidan malamai, kuma gidan bai taɓa mantawa ba. Suna fitowa baranda Alhaji ya tsaya, bai ko dube ta ba.

"Maganar nan ta mutu a nan. Ba za a ce gidanmu da ciwon gado ba. Dama dai an ce ta wajenku ne."

"Ta wajenmu ne, Alhaji," in ji ta. "Na ji da kunnena."

Tana hanyar gida tana tuna ƙanenta Nasidi, wanda ya rasu yana saurayi bayan ya sha maganin zazzaɓi, idonsa duk ya yi ɗorawa. A lokacin cewa aka yi sammu ne, har mahaifinsu ya daina gaisawa da maƙwabcinsa.

Ana haka 'yarta Radiya ta haifi namiji. Ranar suna, tsakar gida cike da mata, Batulu ta buɗe akwatin kayan jaririn ta tsince ƙwallayen kafur ta zuba a kwandon shara, don likita ta ce shi ma yana tayar da ciwon. Gwaggon su Muhsin ta tambaye ta ko lafiya.

Batulu ba ta rage murya ba. Ta faɗi abin da ya sami Muhsin, da abin da take zaton ya kashe Nasidi. Ta ce duk wadda ta haɗa jini da ita ta kai 'ya'yanta gwaji, kuma ta faɗa wa likita kafin a rubuta musu magani.

Kafin la'asar Alhaji ya aiko kiranta zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum.

"Na hana ki, kika tara mata kika yi shela."

"Na yi."

"Kin san abin da za a riƙa faɗa a kan yaran nan?"

"Su faɗa. Na binne ƙanena ban san dalili ba, na kusa binne ɗana. Yanzu da na sani, in rufe baki don kada a yi da mu? Jinin nan nawa ne, Alhaji, kai ma ka faɗa. To ni ke da ikon magana a kansa."

Ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce ta tashi ta tafi.

A makon ta cika Keke Napep biyu da 'ya'yanta da jikanta da 'ya'yan ƙannenta mata, ta kai su asibiti gwaji. An sami abin a jikin ɗanta Suhail da jaririn Radiya. Muhsin ya karɓi sabon magani, kumburin ya fara sauka a hankali.

Alhaji bai sake amsa gaisuwarta ba har azumi ya wuce. Ita kuwa ba ta fasa gaishe shi ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba.