Ashanar Furera da Sallarta

Furera ta zo asibitin Tudun Wada da magana ɗaya a bakinta: a cire mata ashanar nan kafin azumi. Ashanar tazarar haihuwa ce da aka sa mata a damtse bayan haihuwarta ta bara, haihuwar da saura ƙiris ta tafi da ita. Likita ya ce idan ta sake ɗaukar ciki ba ta huta ba, to, sai dai addu'a. Mijinta Idris da kansa ya ɗauko ta a babur daga Burumburum aka sa.

To amma tun daga lokacin jini yake ɗiso mata. Ba mai yawa ba ne, ɗan ɗigo ne kawai, yau ya ɗauke, jibi ya dawo. Ita kuwa abin da ta tashi da shi, mace mai jini ba ta salla. Haka ta ajiye sallarta tun ana shukar masara har aka kai ta rumbu. Wannan abu ya ci mata rai ƙwarai. Ta mutu a haihuwa ko ta zauna ba salla, wanne ne mai sauƙi?

Ranar akwai Raihana, ma'aikaciyar jinya da ke bincike kan yadda sinadarin ashanar yake aiki a jikin mata. Duk zuwanta takan ɗibi jininsu, ta tambayi lafiyar jiki. Su kuwa matan, kunya ba ta barinsu, amsarsu ɗaya ce, lafiya lau. Wa zai kwance zancen jini gaban yarinya sa'ar 'yar cikinsa? Furera ma lafiya lau ta sha cewa.

Yau kam da Raihana ta tambayi dalilin cirewa, sai hawaye. Ta faɗa mata komai.

Wata da watanni Raihana tana auna jinin matan nan, ba ta taɓa tambayar ko suna salla ba. Ta yi mata bayani cewa sinadarin yana sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri, shi ya sa take ɗan zuba, kuma sau da yawa yana lafawa. Amma hukuncin salla, ta ce, ba fanninta ba ne. Ta nemi izinin Furera, ta leƙa baranda ta kira Malama Saude, dattijuwa mai koyar da matan aure a Islamiyya, wadda ta rako surukarta awon ciki.

Malama Saude ba ta iya magana a hankali ba, ko da ta so. Ta saurara, ta tafa hannu.

"Haba 'yar nan! Jinin da ya zarce kwanakin haila ai jinin ciwo ne. Ki yi wanka, ki yi sallarki, ki yi azuminki. Waɗanda suka wuce ki rama a hankali, Allah ba ya ƙuntata wa bawansa."

Kowace kalma sai da ta isa baranda, inda mata suke jere a benci.

Furera ta shafa damtsenta, ta ce a bar ashanar tukuna. Ta tambayi inda banɗaki yake, don an kira azahar kuma ba za ta iya jira ta koma gida ba. Raihana ta cika mata bokiti.

Furera tana shiga wanka, mata uku suka miƙe daga bencin, babu wadda ta kalli wata, suka tsaya a ƙofar banɗakin suna jiran ta fito su ma su yi nasu.