Keken da ke Bayan Katako

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ku ce ta zo mu ji ta. To, ta zo, sai dai ba ta dariya ba ce. Ku gyara zama.

Bugun tebur ne, dum, dum, dum, da tafin hannun hagu, domin na dama ya daɗe da mutuwa a kan cinya. Auta tana kan keken ɗinki, ta danne bakin wata rigar makaranta, allura na ta gudu, sai ta ga katakon da ya raba shagonta da ɗakin mahaifinta yana rawa. Ta ɗage ƙafa, ta sauke numfashi.

"Na'am, Baba. Ina zuwa."

Ta same shi a kujerarsa gaban kwamfuta, jijiyar wuyansa ta miƙe, yatsansa na nuna katakon.

"Ta… ta… ta…"

Abin da ciwo ya rage masa na magana ke nan. Ya taka ƙafarsa mai lafiya a ƙasa kamar mai tuƙa keke, ya sake nuna katako, ya nuna allon kwamfuta.

"Keken ne kuma? Baba, da shi fa muke ci. Ba ni da takunkumin da zan sa masa."

Ya girgiza kai da ƙarfi har hularsa ta faɗi. Ta ɗauka ta mayar masa, ta koma bakin aikinta. Kafin ta zauna, bugun ya dawo.

* * *

Shi Baba, a zamaninsa, ma'aikacin wayar tarho ne, amma ba nan zuciyarsa take ba. Yana cikin mutanen nan masu rediyon sadarwa a gida, waɗanda hukuma ke ba lasisi da lambar kira, su kafa eriya a kan rufi su yi ta hira da mutanen wasu ƙasashe don sha'awa kawai. Marigayiya matarsa takan ce ya fi sanin lafiyar mutanen bayan teku a kan ta maƙwabcinsa. Muryarsa kuwa kamar ganga. In ya kama makirfo, har kajin gidan sukan natsu.

Rana ɗaya ya faɗi a bakin famfo. Da ya tashi, ɓarin jiki ya shanye, magana ta tafi, rubutu ma ya bi ta. In an ba shi biro, haruffa sai su watse masa kamar an tsorata 'yan tsaki. Likita ya ce wa Auta, "Hankalinsa na nan daram. Ƙofar fita ce ta toshe." Ta ji maganar, ta gyaɗa kai, sai dai ji daban, riƙewa daban.

Yayyenta duk suna nesa, a waya suke jinya. Ita da mijinta, direban babbar mota da kan yi makonni a hanya, suka tare a gidan. Da ta rasa wurin aiki, ta sa kafinta ya raba ɗakin Baba biyu da katako, ta girke babban kekenta mai lantarki a ɗaya gefen. Ta ce hakan ya fi, ko tari ya yi za ta ji.

Wata rana sai ga Kawu, abokin Baba na rediyo, dogon tsoho mai tabarau kamar gindin kwalba, da tsohuwar kwamfuta a hammata da ɗan akwati mai wayoyi. Auta ta kashe keke ta fito tarbarsa.

"Ina ragon nan?" in ji shi tun daga ƙofa. "An ce ka daina surutu. Duniya ta huta."

Baba ya yi dariya da rabin baki.

"Kawu, rediyon me kuma? Mutumin da ba ya magana?"

"Wannan sabon yayi ba ya son magana, 'yata. Shi ya sa na ce ya dace da shi. Kwamfuta ce ke yi wa rediyo fito, rediyo ya kai sama. Can wata kwamfutar ta kama ta mayar rubutu. Lambarka, lambata, yaya kake ji na, sai an jima. Shi ke nan. Nasa kawai ya danna."

Ya haɗa wayoyi yana mita, ya daidaita agogon kwamfutar, ya ce in agogo ya kauce ko da ƙiris ne ba wanda zai fahimci wani. Allon ya kawo wani shuɗin fili mai gangarowa a hankali kamar ruwa a jikin gilashi, da 'yan zare-zare rawaya a ciki.

"Kowane zare mutum ne," in ji Kawu. "Wani ko kunnenka ba zai ji shi ba, ita kuwa tana tsinto shi."

Ya ɗora hannun hagun Baba a kan linzamin kwamfutar. Hannun na rawa, amma ya danna. Aka ɗan jima, sai wani jan layi ya fito da lambar Baba a jiki. Wani ne daga ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofofi ya amsa. Baba ya kalli layin, ya kalli Auta, hawaye na bin gefen da ya mutu. Rabon da ta ga haƙoransa tun kafin faɗuwar.

Ita ma ta yi murna, ba za a ƙi faɗa ba. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wata ƙaramar murya da ta ce: yanzu ya sami abin yi, kin huta da zaman jinya.

Bayan kwana kaɗan Kawu ya tafi wurin ɗansa a wani gari, za a yi masa aikin ido.

* * *

Daga ranar jan layi bai sake fitowa ba. Da safe Auta takan yi wa Baba wanka, ta zaunar da shi, ta kunna masa kayansa, ta zagaya ta kunna kekenta. Keken nan kuwa, ko ba a taka shi ba, muddin makunninsa na kunne akwatin injinsa na aiki, kuma ba ta kashe shi sai ta kwantar da Baba ta zare soket ɗin kayansa. In an ɗauke wuta, duka biyun su mutu tare.

Baba ya yi ta dannawa. Allon ya koma fari fat, kamar an watsa masa toka. Sai nuni, sai taka ƙafa, sai bugun tebur. Wata rana ya jefi katakon da kofi. Wata rana ya yunƙura zai tashi, ya kife a ƙasa, goshinsa ya fashe. Ga kayan makaranta jibge, shugabar makarantar na aiko mata saƙo safe da yamma.

Ta kira babban yayansu.

"Ki yi haƙuri, Auta, lada kike samu," in ji shi. "Tsufa ne. Kan ya fara taɓuwa."

Kan ya fara taɓuwa. Maganar ta yi mata daɗi, abin kunya, domin in kan ne ya taɓu, to ba sauran abin da za ta tsaya ta fahimta.

Da ta je sayen filasta, mai kemis na bakin titi ya dubi idanunta ya ce, "Ke ma kin kusa zama majinyaciya. Tsohon ne?"

"Ba ya barina in yi aiki."

Ya miƙo wasu 'yan ƙwayoyi a ƙullin leda, ba kwali, ba takardar likita.

"Rabi a shayi. Zai yi laushi kamar auduga. Gidaje nawa nake ba wa a layin nan? Tausayi ne ai, shi ma ya huta."

Ranar farko ta jefa rabi a shayi, ta juya da cokali, ta miƙa masa kofin. Baba ya karɓa, ya kurɓa, ya ɗan tsaya, ya dube ta ta saman kofin. Sannan ya shanye. Gidan ya yi tsit ranar, ta gama riguna masu yawa. Da rabi ya daina kamawa, ta mayar da shi guda.

Mijinta ya dawo daga tafiya ya leƙa ɗakin.

"Ikon Allah. Tsoho ya yi sanyi. Me kika yi masa?"

"Addu'a," in ji ta, tana neman almakashin da ke hannunta.

Kawu ya bugo waya ba sau ɗaya ba. Kullum amsarta guda: "Lafiya lau, yana barci." In ya fara zancen rediyo sai ta ce abinci na ƙonewa.

* * *

Wata rana da la'asar Kawu ya iso, ba sanarwa, ido ɗaya a rufe da auduga. Auta ta leƙo daga shago da tef a wuya.

"Ina mai girman kan nan? Kwanakin baya kullum ina ganin kiransa a allon ɗana. Na amsa masa har yatsana ya ƙage. Ba ni kaɗai ba, mutane rututu suke amsa masa, ya yi banza da kowa. Sarauta aka ba shi?"

Baba na kujera, haɓa a ƙirji, miyau ya jiƙa gaban rigarsa. Kawu ya matsa kusa. Ya dafa kafaɗarsa, ya kira shi da sunan tsokanar da suke yi tun suna samari. Ido ya buɗe da ƙyar, ya sake lumshewa.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tsufa ne, Kawu."

"Na girme shi fa."

Ya juya ga allon, ya matso da idonsa mai gani.

"Af. Wannan ai ba zai ga kowa ba. Wani abu a gidan nan yana watsa masa ƙura. Yana kira ana ji, in an amsa ba ya gani. 'Yata, kashe fitilar nan."

Ta kashe. Fari na nan.

"Fanka."

Ta kashe.

"Firij fa? Cajar waya?"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zarewa a hankali, domin tun daga fanka ta san inda za a ƙare. Da ba sauran abin kashewa, ta tsaya a tsakar ɗaki.

"Me ke bayan katakon nan?"

Ta zagaya, ta sa yatsa a makunnin keken, ta danna.

"Yauwa, ga shi nan," ta ji Kawu ya ce ta cikin katako. "Zo ki ga ikon Allah."

Shuɗin ya dawo tas, zare-zaren rawaya na gangarowa a jere. Kawu ya danna kira da lambar Baba. Ba a daɗe ba jan layi ya fito, wani ya biyo shi, wani ya sake biyowa.

"Ƙaramin abu ne, wallahi. A matsar da keken can ƙarshen gida, ko a kashe shi na ɗan lokaci. Abin da ya ba ni mamaki, shi ne fa ya koya mana farautar irin wannan ƙura. Da kallo ɗaya zai gane. Bai nuna miki ba?"

Auta ta dubi tabon da ke goshin mahaifinta.

"Ya nuna," in ji ta.

Kawu ya juya ga abokinsa. Ya ɗauki hannun hagun Baba ya ɗora a kan linzamin. Hannun ya zame ya koma cinya.

* * *

A yammacin ta zuba sauran ƙwayoyin a masai. Washegari ta kai shi asibiti, ta faɗa wa likita gaskiya da murya ƙasa-ƙasa, a gaban Baba, tana kallon takalmanta. Likita ya yi faɗa, ya tsara yadda za a janye maganin a hankali. Ta kira masu dako suka ciccibi keken zuwa rumfar bayan gida, inda rana ke dukanta tun hantsi.

Sannu a hankali idonsa ya washe. Wata safiya tana shanya ta ji dariyar nan ta rabin baki, ta leƙa ta taga, ta ga jan layi a allo da hannunsa a kan linzami. Ta yi sauri ta haɗa shayi mai kauri yadda yake so, ta durƙusa gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa. Har ya ɗora hannu a kanta. Ta miƙa kofin. Ya kalli kofin, ya kalle ta, ya rufe bakinsa, ya mayar da ido kan allo.

"Ba komai a ciki, Baba. Ka ga." Ta kurɓa a gabansa.

Bai juyo ba.

To, ƙarshenta ke nan. Kawu idonsa ya warke, yana zuwa duk mako su zauna gaban allo yana zagin abokinsa. Mai kemis na nan a bakin titi, layin gidaje na sayen ƙullinsa. Yayyen Auta har gobe suna yabon haƙurinta a waya. Baba ya ƙara shekaru a duniya, ya gaisa da ƙasashen da bai taɓa samu ba ko lokacin da yake da murya. Yakan bar Auta ta yi masa wanka, ta yanke masa farce, ta sa masa hula. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake shan komai daga hannunta ba. In mijinta na hanya, maƙwabciya take kira ta miƙa masa ruwa, ita kuwa ta tsaya a bayan ƙofa har ya shanye.