Ragowar Jemage

Sara biyu Labbo ya yi wa kaɗanyar kafin Saude ta iso da gudu ta rungume gindinta.

"Kauce, Saude," in ji shi. "Iskan iccen nan ya kayar da yara huɗu, har da Mairo ɗiyarki."

Labbo wan mijinta ne, ba ta taɓa musa masa ba. Amma tun da mijin ya rasu a yunwar bara, kaɗanyar nan ce ke riƙe da ita a Karakkai. Jemagu kan taso daga kurmi su ci naman ƴaƴan su zubar, ita kuma ta tsince ƙwarar ta yi man kaɗe ta kai kasuwar Bungudu. In aka sare, ta shiga uku.

"Yaya, yara biyar ke taya ni tsinta. Mi ya sa iskan ya ƙyale Yelwa?"

Labbo ya sauke gatarinsa. Yelwa ɗiyarsa ce, yarinya mai shegen ƙyanƙyami, wadda ko a tsakiyar yunwa sai ta shinshina tuwo. Dukan da ta sha a kan haka ba ya lissafuwa.

Aka kira ta, ta zo tana raɓe-raɓe.

"Kina shan kaɗanya in kun zo tsinta?" Saude ta tambaye ta.

"Wadda ba a taɓa ba, Inna. Su Mairo ko har ragowar jemage suke tsotsewa, da yawunsa da komai." Ta yatsine fuska.

Saude ta ji kunya ta rufe ta, don da bakinta ta hana yaran zubar da abin ci. Wanda ya ga yunwar bara ai ba ya yar da komai.

"Ka ba ni lokaci zuwa girbin gero," ta ce wa Labbo. "Duk kaɗanyar da haƙorin jemage ya taɓa, tukunyar ruwan zafi za ta shiga. In wani ya sake kwantawa, ni zan miƙo maka gatari."

Labbo ya dubi ɗiyarsa, sannan ya juyo ga Saude.

"Mairo fa?"

"Zazzaɓin ya sauka. Ta sha kunu da safe."

Ya debo laka ya shafe saran da ya yi.

"Daga gobe," ya ce, "Yelwa ke zaɓar wadda za a sha."