Kafur a Akwatin Hajja Fanna

Duk unguwar Bolori an san ni da hanci. Shekara talatin ina haɗa turaren wuta, mace ta gitta da humrar da aka yi wa algus, ko ban waiwaya ba zan faɗa mata. Saboda haka da 'yata Raudatu ta haifi ɗanta na fari, ban bari kowa ya sa mini hannu a ɗakin jego ba. Na saki labule masu kauri, na jawo akwatin kayan jarirai da nake adanawa tun ina goyonta. Duk shekara sai na zuba masa sabon kafur saboda kyankyaso. Rigunan suka fito tsaf, na sa wa yaro, ina ta yabon kaina.

Ran kwana uku maƙwabcinmu Malam Dzarma, ma'aikacin jinya, ya zo barka. Namiji ba ya shiga ɗakin mai jego, sai na naɗo jaririn na fito masa da shi ƙofar gida.

"Wushe, Hajja, barka da arziki," in ji shi, da irin gaisuwar Barebari. Ya karɓe shi yana dariya, amma da ya juya shi wajen rana sai dariyar ta tsaya. Ya danna masa karan hanci da yatsa, ya buɗa idon. "Hajja, yaron nan shawara gare shi. Duba."

Na duba. Farin idon ya koma kalar gwaiduwar ƙwai. Kwana uku ina kallonsa a duhun da na haɗa da hannuna, ban gani ba.

Dzarma ya shinshina zanen. "Kafur ne wannan? Akwai yaran da jininsu ba ya jituwa da shi, musamman maza. A tuɓe masa yanzu mu tafi asibiti, kada shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa."

Na buɗe baki zan gaya masa 'ya'ya shida na raina da akwatin nan, amma sai na shiga tuɓe wa yaron rigar.

Gwajin jini ya nuna yadda Dzarma ya faɗa. Aka kwantar da yaro ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, aka rufe masa ido, Raudatu na gefe tana ba shi nono. Likita ya ce an zo da wuri, zai warke. Ni kuwa na kasa haɗa ido da 'yata. Kullum in kai abinci, in miƙa daga bakin ƙofa, in gudo gida in yi ta wanki. Ba ta ce mini uffan ba, shi ne ma ya fi damuna. Tsorona ɗaya, kada ta daina yarda da ni a kan ɗanta.

Ana gobe suna aka sallamo su, ido fari tas. Da safe aka raɗa masa Mahfuz. Gida ya cika da mata, ni kuma na maƙale a bakin murhu kamar wadda aka ɗauko aiki. Ina cikin juya shinkafa na ji Raudatu a bayana.

"Iya, hannuna ya gaji. Karɓi mijinki."

"Ba wa Gana mana," na ce, ina nufin ƙanwarta. "Ni ina aiki."

"Ke nake so ki riƙe shi. Wa ya fi ki iyawa?"

Na wanke hannu har sau uku, na zauna a kan turmi, ta ɗora mini shi. Na taɓa tafin hannunsa, sai ya damƙe yatsana gam, ya ƙi saki. Daɗi ya kama ni har na yi hawaye a gaban mutane, ni da nake yi wa masu kuka tsiya.

Daga baya Dzarma ya ce wai kowane jariri haka yake yi, ko yatsan wa aka sa masa. Na ce ya riƙe karatunsa. Shinkafar suna dai ta kama ranar, ina jin ƙaurinta sarai, ban tashi ba.