Kwamfutar Jan Biro

Ranar da aka dawo da Jan Biro daga asibiti, ina shagon bakin layinmu ina zaɓen zare, na ji ana zancensa. Mai shago ya ce likitoci sun sallamo shi ne don sun gaji da gyaran da yake yi wa rubutunsu. Mai wanki ya ce a'a, babu sauran abin yi ne, an ce ya zo ya ƙarasa a gida. Wani direba ya ce ko mutuwar ce ta zo, sai ya ce mata ba ta iya sallama ba, ta koma ta sake. Aka yi dariya, sannan aka yi saurin cewa Allah ya ba shi lafiya. Ba wanda ya tashi ya taya matarsa fito da shi daga mota.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi, duba kurakurai a maɗaba'a, kuma da ya bar aikin bai ajiye biron ba. Ya gyara allon mai aski, ya gyara sanarwar ɗaurin aure, ya gyara maganar baƙon da ya zo gaishe shi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Matarsa nake kira Yaya, don ta girme ni, kuma tare muka shiga ajin manya bayan 'ya'yanmu sun tasa. A makon da ta iya rubuta shafi guda da hannunta, ta kai masa da murna. Ya zauna a ƙofar gida, ya bi shafin da jan biro layi-layi, sannan ya karanta wa abokan hirarsa da ƙarfi, yana kwaikwayon muryarta. Ina bayan taga ina jin dariyar. Yaya ba ta sake komawa aji ba. Ni na ci gaba, har na kai inda ake koya mana kwamfuta, amma tun daga ranar ban sake taka ɗakinsa ba.

Bayan 'yan kwanaki da dawowarsa, Yaya ta same ni a kan keken ɗinki. Ta ce kwamfutarsa ce ta yi nauyi, idan an kunna ta sai a dafa shayi a shanye ba ta buɗe ba, shi kuma ya hana kowa sakat. Na ce a kai wa mai gyara na bakin titi mana. Ta ce Jan Biro ya yi faɗa da shi tun bara a kan allon shagonsa, kuma ma ya rantse ba za a fitar da ita daga ɗakin ba. Na ce ni ɗan abin da na sani bai taka kara ya karya ba. Ta shiga murza bakin mayafinta. Saboda ita na tashi.

Wari ne ya fara tarbata: magani, zufa, da tsohuwar takarda da ruwa ya taɓa. Jaridu sun taru har rabin taga. A gefen gado akwai gwangwanin da yake tofa kaki, ƙudaje na zagaye shi. Yaya ta faɗa mini a hanya cewa ba ya barin ta taɓa komai a ɗakin sai zanen gado, wai za ta ɓata masa tsari. Shi kuwa yana kwance, ya rame har wuyansa ya zama kamar na kaza, amma idon yana nan yadda na san shi.

"Ɗaliba," in ji shi. "An zo nuna mana ilimi?"

"An zo duba kwamfuta, Malam. Ya jiki?"

"Yaya jiki ake cewa."

Na ja kujera. Kwamfutar irin ta da ce mai akwati, 'yarsu ta saya masa kafin ta yi aure ta tafi nesa, da 'yar kyamara maƙale a saman allon. Madannan sun yi baƙi da maiƙo, linzamin yana manne wa hannu. Na kunna. Ta yi gurnani, fankarta tana kukan wahala, allon ya tsaya a wuri ɗaya. Muka zauna muna kallonsa.

Na kashe ta, na zare waya, na nemi sukudireba na buɗe gefen akwatin kamar yadda aka nuna mana a aji. Kyankyasai suka watso. Manya da ƙanana, suka bi kan tebur, ɗaya ya hau hannuna har gwiwar hannu. Ƙura ta dunƙule a kan fanka kamar tsohuwar auduga, ƙwayayen kyankyasan sun jeru a kowane lungu. Na fita tsakar gida na tofar da yawu. Daga ciki ina jin sa yana cewa ai laifin matar gida ne, ita ce ba ta iya shara ba.

Na share ta da tsohon buroshi a waje, na mayar. Kukan fankar ya ragu, nauyin bai tafi ba. Na cire tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita, waɗanda shi kansa bai san ranar da suka shiga ba. Ta ɗan motsa kaɗan. Sai da na duba ma'ajiyarta na ga layin ya yi ja har ƙarshe, babu wurin da za a ajiye ko hoto ɗaya. Kusan duk abin da ya cika ta yana cikin jaka guda, kuma bidiyo ne, jere har na gaji da gangarawa.

Na faɗa masa. Ya ce ya sani, abin da take rubuto masa ke nan duk lokacin da ya zo ɗaukar wani sabo, wai babu wuri. Ya ce in share su duka, wuri yake so na guda ɗaya kawai.

"Amma kar ki buɗe. Kin ji ko? Ba naki ba ne."

Ban yi niyyar buɗewa ba. Na danna don in zaɓa, ba ta amsa ba. Na sake dannawa, shiru. Na danna na ƙasa, da na ƙasansa, linzamin yana manne wa yatsana. Ta yi tsit kamar ta mutu. Can sai ta tuna da duk abin da na ce mata, ta buɗe su gaba ɗaya.

Fuskarsa ta cika allon, ɗaya a kan ɗaya. A wata da sauran ƙibarsa, a wata da hula, a wata ya fara ramewa, hoton yana tsinkewa yana dusashewa. Kuma duk suna magana, da ƙarfi, don kunnensa ya yi nauyi ya ƙure sautin. Ɗaya yana cewa, ke, maganar takardar nan taki, na san ban kyauta ba, amma ke ma da kin nuna mini a ɗaki. Wani yana cewa ya yi kuskure, amma ai gyara ba zagi ba ne. Wani ya fara da kyau, ya yi tari, ya tofa a gwangwani, ya ɓuge da ƙorafin shayin da aka kawo masa da sanyi.

"Kashe! Kashe ta!"

Na danna, ba ta kasu ba. Sai da na sunkuya na fizge wayar daga bango. Da na ɗago, Yaya tana bakin ƙofa da kwanon ruwan ɗumi da tawul. Fuskarta ba ta canja ba. Ta ajiye kwanon, ta ce masa lokacin goge jiki ya yi.

Na jira ta a madafa. Raina a ɓace yake, fiye da lokacin kyankyasan. Shekara da shekaru mutum yana zaune gaban akwati yana wanke kansa, matar da ya ci wa mutunci tana bayan bango tana wanke masa kaya. Da ta shigo na fara neman abin da zan ce, ta riga ni. Ta ce in kwantar da hankalina, babu wanda ba ta ji ba a cikinsu. Bangon da ke tsakanin ɗakinsa da madafa na katako ne, shi kuma bai san ƙarfin muryarsa ba. Kullum da hantsi, idan ta shigo wanke-wanke, sai ya rufe ƙofa ya fara.

"Ba ki taɓa ce masa kin ji ba?"

"In ce me? Ina jira ne ya kai ƙarshe." Ta matse tawul ɗin. "Kullum sai ya zo daidai wurin, sai ya ce amma. Daga nan nake buɗe famfo."

Na ce da ni ce, da na bar kwamfutar yadda take. Ta dube ni, ta ce in gyara masa, likita ya ce kwanakin ba su da yawa.

Washegari na koma. Bai kira ni ɗaliba ba, bai kuma gyara gaisuwata ba. Na share jakar gaba ɗaya, ba tare da na ji tausayin ko ɗaya ba, na kwashe kwandon sharar kwamfutar. Jan layin ya koma shuɗi. Na sake kunna ta, ta buɗe kafin in gyara zama.

Ya ce a kai shi gabanta. Bai iya tashi ba, sai muka jawo teburin zuwa bakin gado, Yaya ta tallafe bayansa da matashi, ta zauna a gefensa da kofin ruwa don numfashinsa yana sarƙewa. Ya ce ta fita. Ta ce idan ta fita zai faɗi. Na kunna kyamarar.

A da, kwamfutar tana ba shi hotonsa ne a dusashe, a makare, rabin fuska yanzu rabi an jima. Yanzu ta nuna shi tas: idanun da suka faɗa, busasshen kaki a gefen baki, gwangwanin, jaridun. A gefen hoton kuma ga hannun Yaya riƙe da kofi, fatar ta tsattsage saboda sabulu. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga yatsa kamar zai nuna kuskure a shafi, ya sauke.

"Kashe ta," in ji shi, a hankali wannan karon.

Na kashe. Na miƙe zan ba su wuri, Yaya ta yi mini alama da ido in zauna.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ya rasu, ana ta hayaniyar masu tafiya aiki a layi. Mai shago ya rufe shagonsa ya zo, ya ce ai mutumin kirki ne, baki ne kawai. Mutane sun yi ta tambayata me ke cikin kwamfutar da ya hana a fitar da ita, na ce ƙura ce da kyankyasai. Ban yi ƙarya ba.

Amma a ranar da na kashe masa kwamfutar, da allon ya yi baƙi, sai ya rasa inda zai kalla. Ya dubi taga, ya dubi silin, ya dubi ƙafafunsa. Daga ƙarshe ya juyo da kansa, da ƙyar, zuwa inda take. Yaya ta ɗaga kofin daf da bakinsa ta riƙe, ba ta ba shi ba, ba ta kuma janye ba. Daga madafa ina jin famfo yana ɗiga a cikin bokiti.

"Shafin nan naki," in ji shi. Ya ja numfashi. Muka jira abin da ke biyo baya, ni da ita, kamar yadda muka jira kwamfutar. Ya rufe baki, ya haɗiye, ya sake buɗewa. "Na zalunce ki. Ki yafe mini."